Yadda za ka ceci waken lambu daga tsutsar da ke cin iri

In ka shuka wake a kwami, mako ya wuce amma rabin irin bai tsiro ba, kada ka yi saurin ɗora wa mai sayar da iri laifi.

1. Tona ramuka biyar ko shida da yatsa. Idan ka tarar da ƙwayar ta ruɓe, da farar tsutsa marar ƙafa a cikinta, tsawonta bai kai santimita 1 ba, to ita ce. Wani tsiron ma yakan fito da kara tsirara, babu ganye. Ɗan ƙaramin ƙuda ne ke zuba ƙwai a ƙasa mai danshi, daga ƙwan ne tsutsar ke fitowa.

2. Duba takinka. Nan ne matsalar take. Warin ɗanyen kashin shanu ko na kaji da ciyawar da ba ta gama ruɓewa ba shi ke kiran ƙudan. Ni kaina na taɓa asarar kwami huɗu a haka, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Zuba taki, ka juya ƙasa, ka bari sai bayan mako 3 kafin ka shuka.

3. Rage ban-ruwa lokacin hunturu. Sanyi na hana iri fitowa da wuri, tsutsar kuwa ta samu lokacin ci. Kada kuma ka binne shi da zurfi, santimita 2 zuwa 3 ya isa.

4. Gauraya iri da maganin iri irin su Apron Star, bisa umarnin da ke jikin takardar. Sa safar hannu, kuma kada yara ko kaji su kusanci irin.

5. Kwamin da ya riga ya lalace, feshi ba zai dawo da shi ba. Kwashe ruɓaɓɓen irin, bar ƙasar ta sha rana, sannan ka sake shuka.