Idan hoto na rawa a madubin likita, fara duba daɓe

Na yi shekaru ina duba jinin masu zazzaɓin cizon sauro a wani ɗakin gwaji da ke saman bene. Da zarar an tayar da janareta, sai ƙwayoyin jini su kama rawa a idona. A gilashin madubin da ake ɗiga wa mai, inda abu ke ƙara girma sau 1,000, motsin da tafin ƙafarka bai ji ba ma ya isa ya ɓoye maka ƙwayar cuta. Na daɗe ina zargin na'urar, ashe daɓen ne.

Fara gano mafarin jijjigar. Zuba ruwa a faranti ka ɗora kan teburin, ka haska tocila a ruwan yadda hasken zai faɗa bango. Sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya: firji, injin juya jini, janareta, sannan wani ya taka a baranda. Duk wanda ya fi kaɗa hasken, shi za ka fara yi wa magani. Babban janareta na juyawa sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa, kuma kankare na kai wannan bugun nesa. A sa wa janaretan roba mai kauri a ƙafafu.

Sauya wa tebur wuri ba ya cin ko kwabo. Ƙasa ta fi bene. In ba makawa sai bene, to a matsa kusa da ginshiƙi, don tsakiyar ɗaki ne daɓe ya fi lanƙwasa. Kada tebur ya jingina da bango, kuma a ware wa injin juya jini nasa teburin ko da wurin ya matse.

Abin da ya raba ni da matsalar shi ne nauyi a sama, laushi a ƙasa. Na samo falan kankare mai kusan kilo 40, na karɓo tiyub ɗin baro wurin mai faci, na hura masa iska kaɗan, na ɗora falan a kai, madubin a samansa. Kaɗan fa na ce: tiyub ɗin da ya cika tam jijjigar zai miƙa maka. Soso kaɗai kuwa, ba nauyi, ƙara rawar yake yi da ka taɓa na'urar.

Sikeli mai auna miligiram 0.1 ba ya son tiyub, domin yana karkata. Shi falan dutse kan siririyar roba ya ishe shi, ka riƙa duba ƙwayar iskar saitinsa, wadda ke nuna ko ya zauna daidai, kowace safiya kafin ka fara awo.