Kurakuran da Marubutan Littattafai Suka Fi Yi Idan Sun Koma Rubuta Labarin Fim

Tun farkon shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka fara fitowa a Kano, marubutan ƙagaggun labarai suna cikin waɗanda suka ɗora harsashin sana'ar, domin wasunsu, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, sun ga littattafansu sun koma fim, kuma su da kansu sun shiga harkar. Har yau wannan hanya a buɗe take. Marubuciyar da ta tara masu karatu a manhajar labarai ta Wattpad ko a zaurukan WhatsApp takan wayi gari furodusa ya nemi ta mayar masa da labarinta fim mai dogon zango. Sai dai da yawa daga cikin masu amsa wannan kira suna shiga da zaton cewa wanda ya iya rubuta littafi ya riga ya iya rubuta fim, alhali abin da ya ɗaukaka su a littafi, wato iya bayyana abin da ke cikin zuciyar mutum, shi ne yake fara kayar da su a gaban kyamara.

Kuskure na farko, kuma wanda mafi yawan sauran suke fitowa daga cikinsa, shi ne rubuta abin da ido ba ya gani, kunne ba ya ji. A littafi marubuci yana da ikon cewa, "Hadiza ta shiga ɗaki zuciyarta cike da nadamar abin da ta yi wa mahaifiyarta shekara uku da suka wuce," kuma mai karatu zai gamsu. Idan aka miƙa wa darakta wannan jimla babu abin da zai ɗauka sai mace tana shiga ɗaki, domin nadama ba ta da hoto, shekara uku ma ba su da shi. Gyaran shi ne marubuci ya tambayi kansa abin da mai nadama take aikatawa da hannunta. Tana iya buɗe akwati ta ɗauko tsohon zanen mahaifiyar ta riƙe shi, ta lalubo lambarta a waya, ta danna kira, ta katse kafin ya shiga, sannan ta kife wayar a kan gado. Mai kallo zai gane komai ba tare da an furta kalma ɗaya ba, kuma jarumar ta samu abin da za ta nuna gwanintarta a kai.

Akwai gyara na ƙarya da mutane da dama suke fakewa da shi, wato su sa tauraro ya zauna shi kaɗai yana magana da kansa, ko a ɗora muryar zuci a kan hotonsa, ko a riƙa komawa baya ana tuna abin da mai kallo ya gani minti goma da suka wuce. Waɗannan dabaru ba haramun ba ne, amma idan suka zama su ne mafita a duk lokacin da marubuci ya rasa yadda zai nuna abu, to littafi ne ake karanta wa mai kallo da baki. A ganina, duk fitowar (wato yankin fim da ke faruwa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya) da mutum zai iya rufe ido ya saurara bai rasa komai ba, wasan kwaikwayon rediyo ce, kuma tana bukatar a sake zama a kanta.

Daga nan sai maganganun taurari, inda ɓarnar ta fi yawa. Bahaushe mutum ne mai gaisuwa, kuma marubuci yakan ji nauyin ya shigar da baƙo gida ba tare da sallama da tambayar iyali da gajiya ba, shi ya sa ake samun fitowa ta minti uku wadda minti biyu daga cikinta gaisuwa ce. Ba a ce a yar da al'ada ba. Abin da ake so shi ne a fara fitowar daga inda zancen ya ɗauki zafi, mai kallo zai ɗauka an riga an gaisa, sannan a yanke ta da zarar abin da ya kawo ta ya faru, ba sai an raka baƙo bakin ƙofa ba. Gaisuwa tana cancantar zama ne idan ita kanta tana ɗauke da labari, kamar amarya ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Yaya?" uwargida ta amsa da "Lafiya" ba tare da ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. Wannan amsa guda ta faɗi halin da gidan yake ciki fiye da shafi biyu na bayani.

Haka kuma ana yawan sa mutum ya gaya wa ɗan'uwansa abin da dukkansu suka sani, don kawai mai kallo ya ji: "Yaya, ka san mahaifinmu ya rasu shekara biyar da suka wuce ya bar mana gidaje uku." Babu ƙanin da yake yi wa wansa irin wannan magana. Idan ana so bayanin ya fito, a sa shi cikin rigima, ƙanin ya ce, "Shekara biyar, Yaya, ko kuɗin hayar gida ɗaya ban taɓa gani ba." Bayanin bai canza ba, amma yanzu yana da dalilin fitowa daga baki.

Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne yadda ake barin dukiyar da harshen yake da ita. Hausa tana da kunya da kara da habaici da gugar zana, kuma duk hanyoyi ne na faɗin magana ba tare da an faɗe ta ba, wanda shi ne ainihin abin da fim yake nema. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar da take ce wa mijinta Malam ko Baban Abba, surukin da ba ya cin abinci a gaban surukinsa, kowannensu ya ba marubuci wata ƙa'ida da ranar da aka karya ta mai kallo zai san an kai maƙura. Idan matar da ta shekara ashirin tana cewa Alhaji ta kira shi da sunansa na yanka a gaban 'ya'yansu, ba a bukatar kiɗan tashin hankali. Amma idan tun daga fitowar farko kowa yana faɗin duk abin da ke ransa ƙarara, babu sauran abin da za a karya.

Sannan sau da yawa taurarin duk murya ɗaya gare su, wato muryar marubucin. Tsohuwar ƙauye da ɗalibar jami'a da direban tifa duk suna jera jimloli iri ɗaya. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a rufe sunayen da ke saman maganganun a karanta da ƙarfi; idan ba a iya gane mai magana ba, aiki bai ƙare ba. Karin harshe yana taimakawa, domin Basakkwace da yake cewa "mi kaka so" ba zai rikice da Bakano ba, amma a yi hattara da mayar da karin wasu abin dariya, ko ɗora wa jarumi karin da bakinsa bai iya ba.

Game da tsarin shafi, maganar gajera ce amma ana raina ta. Abin da masu sana'ar suka saba a duniya shi ne shafi ɗaya da aka tsara bisa ƙa'ida yana daidai da kimanin minti ɗaya na kallo, don haka fim na minti 90 yana neman shafi 90 ko kusa da haka. Kowace fitowa tana farawa da layin da ke nuna ciki ne ko waje, a wane wuri, da rana ko da dare, saboda da wannan layin ne ake tattara duk fitowar da ke gida ɗaya a ɗauke su a yini ɗaya. Manhajoji irin su Final Draft da Celtx suna yin wannan tsari da kansu. Kuma marubuci ya tuna cewa jimlar "kasuwa ta kama da wuta" ba ta ci masa komai ba sai tawada, amma tana iya cinye kuɗin fim ɗin gaba ɗaya. Gara ya san ƙarfin aljihun furodusa tun kafin ya fara, da a je wurin ɗaukar fim a yi wa labarinsa yankan da bai so ba.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya zama kasuwa, finafinai masu dogon zango suka mamaye fagen, kuma suka zo da nasu ciwon: fara labari ba tare da sanin inda zai ƙare ba. Alamominsa sanannu ne. Sabbin taurari suna ta shigowa ba tare da an sallami na farko ba, sirrin da ya kamata ya tonu a kashi na 10 ana jan sa har na 40, kuma wanda aka ce maraya ne a zango na ɗaya sai ga mahaifinsa a zango na uku ba tare da bayani ba. Maganin shi ne, kafin a rubuta fitowa ko ɗaya, a tanadi kundi dabam da ya ƙunshi shekarun kowane tauraro, danginsa, abin da yake nema, abin da yake tsoro, wane sirri ya sani kuma yaushe ya san shi, tare da taƙaitaccen bayanin yadda kowane zango zai rufe. Idan marubuta biyu ko uku ne suke aikin, wannan kundi shi ne alƙalinsu.

Da rashin sanin ƙarshe ne ake faɗawa cikin warware ƙulli da katari: mugu ya yi hatsarin mota, ko ya haukace ya tona wa kansa asiri, ko wani malami da ba a taɓa gani ba ya bayyana ya yi nasiha kowa ya tuba. Mun yi imani da ƙaddara, amma mai kallon da ya bi jaruma wata shida yana so ya ga abin da ita ta zaɓa da kuma abin da zaɓin ya jawo mata. Katari yana iya jefa tauraro cikin matsala, amma fitarsa daga cikinta ya kamata ta biyo ta hanyar halinsa da aikinsa.

Rashin bincike kuskure ne da yake zubar da mutuncin labari nan take, domin a cikin masu kallo akwai likita da lauya da malamin fiƙihu. Takaba wata huɗu da kwana goma ce ga wadda ba ta da ciki, mai ciki kuwa iddarta haihuwa. A gado, matar mamaci tana da tumuni (ɗaya bisa takwas) idan ya bar 'ya'ya, rubu'i (ɗaya bisa huɗu) idan bai bari ba, kuma idan matan sun fi ɗaya wannan kason ne suke rabawa, ba kowace da nata ba. Labarin da aka gina rikicinsa a kan rabon gado ba daidai ba ya rushe tun daga tushe. Haka abin yake a labarin da ya koma baya: naira ta fara aiki ne a Janairun 1973, kafin nan fam da sule ake kashewa, Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, wayar salula ta zamani ta shigo a 2001, kuma babu jihar Jigawa kafin 1991, babu Zamfara kafin 1996. Zama na sa'a ɗaya da ma'aikaciyar jinya, ko yini ɗaya a kotu ana sauraron yadda alƙali yake magana, ya fi dogaro da abin da aka gani a wani fim ɗin.

Aron labari daga finafinan Indiya tsohon zance ne, kuma ba a kan halaccinsa kaɗai nake magana ba. Matsalar ita ce ana ɗauko rikicin a bar dalilinsa a can. Labarin da ya ginu a kan dukiyar da iyayen amarya suke biya wa dangin ango ba zai zauna daidai a inda namiji ne yake ba da sadaki da lefe ba, ko da yake nauyin kayan ɗaki da gara yana kan iyayen mace, kuma wannan nauyin shi kansa labari ne da bai bukaci aro ba.

Ƙa'idojin rubutu ma suna da tasiri fiye da yadda ake zato, domin jarumi abin da ya gani a takarda yake haddacewa. Wanda bai bambanta baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ya bar ma'anarsa a hannun sa'a. A raba "ya ce" da "ta ce", a haɗe "littafinsa" da "motarta", a kuma lura cewa "akan yi" dabam ne da "a kan tebur". Wayoyin yanzu suna da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, don haka uzurin na'ura ya ƙare.

Sai batun haƙƙin mallaka, inda kunya take cutar da marubuta. Da yawa suna miƙa labari a kan amana da alkawarin baki, daga baya a sauya shi, ko a ci gaba da zango na biyu da wani marubucin, ko sunansu ya ɓace daga allon farko. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi cewa mallakar da haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce, kuma kariyar aikin adabi tana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Saboda haka a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a gaban shaidu, a fayyace ko sayarwa aka yi ko izinin amfani na wani lokaci, nawa za a biya kuma a wane mataki, wa yake da ikon yin gyara idan darakta ko Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta nemi a cire wani abu, da kuma yadda za a rubuta sunan marubuci a fim ɗin. Idan littafi ne aka mayar fim, a ƙara da layin da ke tabbatar da cewa haƙƙin ci gaba da bugawa da sayar da littafin yana nan a hannun mai shi, kuma kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa mai ɗauke da sa hannu da kwanan wata.