Wankan yara da sanyin hunturu

Assalamu alaikum, iyaye mata. Tunda hunturu ya kankama, ni dai na daina yi wa ƙananan yarana wankan asuba. Da yamma nake yi musu, bayan la'asar, da ruwa mai ɗumi. Da safe sai na goge musu fuska da hannu da ƙafa, su wuce makaranta. Kukan safiya ya ragu sosai a gidana, wallahi.

Da an fito daga wanka, tun jiki da danshi, a shafa man kaɗe. Shi ne sirrin. In jiki ya bushe ƙarau kafin a shafa, rabin aiki ne. Ina sayen nawa a Kasuwar Rimi, na narka kaɗan a tafin hannu, na bi leɓe da diddige, wuraren da kaushi ke fara tsagawa.

Amma don Allah, Maman yara, kada ki shigar da kurfoti na gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga don ɗumi. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, tana sumar da mutum cikin barci, har ta kashe. Ƙara musu bargo da safa da hula.