Masu zuba hatsi a rumbu, ku duba bango

Salamu alaikum 'yan uwa. Bara rumbunmu a Tawa ya tsage ta gefe, alhali gindinshi lafiya lau, shi ya sa nake ba ku shawara. Gero ba kamar ruwa ba ne, ƙwaya na danne ƙwaya, nauyin ya bi wasu layuka kamar jijiya har ya jingina da bango, in rumbun ya yi tsawo ƙarin hatsi ba ya ƙara ma ƙasa nauyi sosai, bango ke shan wahala. Wani injiniyan Jamus, Janssen, ya auna haka tun 1895. To ku ƙara ma bango kauri, kuma wajen ɗiba a ɗiba daga tsakiya, kada a yi ta rarake gefe guda.