Darasi Na Shida: Haɗa Sabulun Wanka Ba Tare Da Soda Ba

Mai haɗa sabulu tun daga tushe dole ta yi aiki da soda, wadda ake kira kostik. Soda tana cin fata, tana iya lalata ido, kuma sabulunta sai ya yi mako 4 zuwa 6 yana bushewa kafin a yi wanka da shi. Mai koyo tana da hanya mafi sauƙi. Akwai sabulun da masana'anta ta riga ta gama haɗa mai da soda a cikinsa, masu sayar da kayan haɗa sabulu suna kiransa bes. Naki shi ne ki narka shi, ki sa ƙamshi da launi, ki zuba a mazubi. Wadda ta taɓa narka sabulun salo don haɗin gyaran jiki ba za ta ga baƙon abu ba.

Bes iri biyu aka fi samu: garai-garai mai gilisarin, da fari mai kamar madara. Kilo 1 yana ba da sabulu 10 masu nauyin giram 100.

Ki yanka bes ƙanana-ƙanana, ki zuba a kwano mai tsabta wanda ya bushe sarai. Ki ɗora tukunya da ruwa kaɗan, ki sa kwanon a ciki yadda ruwan ba zai shiga ba. Zafin ruwan ne zai narka sabulun, kada kwanon ya taɓa wuta.

A nan yawancin masu koyo suke ɓata aikinsu. Bes yana narkewa tun zafi bai wuce digiri 60 ba, ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa. Saboda haka wuta kaɗan ta isa, garwashi ma ya fi. Idan sabulun ya tafasa, ruwan jikinsa zai ƙone, ya yi kauri da danƙo, ya ƙi zubuwa. Ki riƙa juyawa a hankali, domin juyi da ƙarfi kumfa yake tarawa. In ya rage 'yan gutsattsari, ki sauke, sauran zafin zai ƙarasa su.

Bayan an sauke ake sa turare, don zafi yana korar ƙamshi. Cokalin cin abinci 2 ya ishi kilo 1, kuma ya zama turaren da aka yi don sabulu. In kina son man kaɗe ko zuma, kada su wuce cokali 1 a rabin kilo. Na san hannu yana son ƙarawa, amma mai in ya yi yawa sabulun zai yi laushi, ya daina kumfa. Garin kurkum ko na gawayi, ki dama shi da ɗan gilisarin tukuna don kada ya dunƙule. Ɗanyen abu kamar gwanda, kokwamba ko nono, ki bar shi, ruɓewa zai yi a ciki.

Ki zuba a mazubin roba mai laushi, ko a wankakkiyar robar yogot. Ki fesa sifirit a sama don kumfar ta fashe, amma nesa da wuta, yana kamawa. Bayan awa 4 ki taɓa, in ya yi tauri ki cire.

Ki naɗe kowanne a leda nan take. Gilisarin yana jan laima daga iska, shi ya sa da damina sabulun da aka bari a buɗe yake yin gumi, da hunturu kuma ya ƙanƙance. Mai niyyar kai shi shaguna a Najeriya sai ta nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci, magunguna da kayan kwalliya.

Aiki

1. Me ya sa ba a ɗora kwanon kai tsaye a wuta?
2. Kin sayi bes kilo 3. Sabulu nawa mai giram 100 za ki samu, kuma turare cokali nawa za ki sa?
3. Ki rubuta kayan aikin da kike da su a gida, da waɗanda sai kin saya.