Yadda za ka kwashe fayil daga Windows zuwa Ubuntu ko Mac ba tare da ka ƙona forfe ba

Satin da ya wuce ƙanena da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya shigo gida da kwamfutarsa mai Ubuntu, wani nau'in Linux, wai in zuba masa bidiyon bikin ƙanwarmu da ke cikin tawa, ni kuma Windows gare ni. Bidiyon giga 6 ne. Na soka kile ɗina mai giga 32, wayam babu komai ciki, na danna kofi sai ga saƙo wai fayil ya yi girma. Yaron nan ya dube ni ya ce "Yaya kile ɗin nan naka na jabu ne, tura min ta WhatsApp kawai". To WhatsApp giga 2 ne iyakarsa, kuma in a matsayin bidiyo ka tura sai ya matse shi har fuskar amarya ta dushe, ga forfe da za ka ƙona kai da mai karɓa duka, alhali kwamfutocin biyu kan tabarma ɗaya suke.

Kile ɗin lafiyarsa lau. Tsarin da aka yi masa foma da shi ne matsalar, FAT32, wanda yawancin ƙananan kile ke zuwa da shi daga kasuwa, shi kuwa komai faɗin kile ba ya karɓar fayil guda da ya haura giga 4. Kowace kwamfuta da irin nata tsari. Windows na aiki da NTFS, Mac da APFS, Ubuntu da ext4. Mac zai buɗe disk mai NTFS ka ga kayanka amma ba zai bari ka ajiye komai ciki ba, Windows kuwa in ka soka mata disk mai ext4 ba ta ma gane shi, wani lokaci sai ta tambaye ka ko a yi foma, kada ka kuskura ka ce eh, kayan mutum ne za su tafi gaba ɗaya. Wanda duk ukun suka yarda da shi, kuma ba ruwansa da iyakar giga 4, shi ne exFAT. Microsoft ta fito da shi a 2006, Mac ya karɓe shi tun 2010, Linux ma ya shigar da shi cikin kanel 5.4, wato zuciyar tsarinsa, a 2019, don haka duk Ubuntu na 'yan shekarun nan zai buɗe shi ba tare da ka ƙara komai ba.

Yin foman ba wuya. Fara kwashe abin da ke cikin kile ka ajiye wani wuri domin komai zai goge. Tunda mashinanmu na nan galibi da Faransanci suke, ka shiga Ce PC, ka danna maɓallin dama a kan kile, ka zaɓi Formater, wajen Système de fichiers ka sa exFAT, sai Démarrer. A Mac ta Utilitaire de disque ake bi, a Ubuntu ta Disques. Minti ɗaya ma bai kai ba.

Amma fa exFAT bai da haƙuri. In ka fizge kile yana cikin kofi, ko wuta ta ɗauke kana kan kwamfutar tebur marar ondule, fayil na iya lalacewa, don haka a dinga yin éjecter kafin a cire. Kuma tsohuwar tele ko rediyon mota na iya ƙin karanta shi, in kile ɗin na sauraren karatu ne a mota ka bar shi a FAT32 ɗinsa.

Ni dai yanzu na fi son hanyar da ba kile ciki, saboda duk kile ɗin da ya je shagon fotokofi ya dawo sai ka ga ya kwaso birus ɗin nan da ke ɓoye dosiye ya bar maka rakursi. Wayarka ta isa. Kunna point d'accès, haɗa kwamfutocin biyu a kansa, kowacce ka sa mata LocalSend, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a Windows da Mac da Linux har da Android da iPhone. Sauko da ita ne kaɗai zai ci mega, bayan nan fayil ɗin tsakanin mashin da mashin yake bi ta wifi, ba ya fita intanet. Ka buɗe ta a duka biyun, kowacce za ta ba kanta wani suna na ban dariya, ka zaɓi fayil, ka danna sunan ɗayar, shi kuma ya amsa. Sai dai ka lura, Windows da ta ji intanet sai ta fara jan mizajur, wato sabunta kanta, a ɓoye, shi ya sa nake kashe données a waya tukuna. Wasu wayoyin in ka kashe sai point d'accès ɗin ya mutu, in taka irin su ce ka bar shi a kunne amma ka sa connexion limitée a Windows.

In ba su ga juna ba, galibi pare-feu na Windows, mai gadin abin da ke shiga mashin ta rezo, shi ne ya tare. Karon farko da ka buɗe manhajar yana tambaya, mutane kuma garin sauri sai su danna Annuler. Ka shiga saitin wifi ka mayar da rezon daga Public zuwa Privé, ka ba ta izini.

Akwai kuma Partage na Windows, wanda Ubuntu da Mac ke shiga ta rubuta smb:// a bi shi da adireshin mashin ɗin, wanda umarnin ipconfig na Windows ke nunawa. Yana da amfani a biro inda kullum ake musayar takardu, amma don bidiyo ɗaya wlh wahalarsa ta fi ribarsa, sai an ta neman sunan mai shiga da lambar sirri.

Abin da ya kama mu daga ƙarshe ma sunan fayil ne. Da ƙanen nawa zai ba ni kur ɗinsa na jami'a in buga masa, uku suka ƙi shiga kile, ashe ya sa musu ɗigo biyu da alamar tambaya a suna, Ubuntu ta yarda da su, Windows da exFAT kuwa ba su karɓar : da ? da * a sunan fayil. Sai da ya sauya su da ɗan layi suka wuce, lokacin har shayin farko ya huce.