Kurakuran da Masu Tara Tsofaffin Faifan Jaz Suka Fi Yi a Katsina

Tsofaffin faifan jaz da ake tsinta a Katsina suna iya fitowa daga adakar iyayen da suka yi karatu a Ingila ko Amurka, ko daga hannun 'yan gwanjo, kuma kuskuren farko na mai saye shi ne barin ido ya yanke masa hukunci. Faifai yana iya ƙyalli kamar sabo alhali dakusasshiyar allura ta riga ta cinye siraran layukan da sauti yake ciki. Busar saksofon ce ta fi tona wannan asiri, domin da zarar mai busa ya hau sama sai a ji sautin ya dishe yana karkarwa, musamman a kiɗan ƙarshe na kowace fuska, kusa da takardar tsakiya. A nan ya kamata a fara ɗora allura kafin a buɗe ciniki. Idan babu na'ura a kusa, a fito da faifan bakin ƙofa a karkata shi ga haske: layukan da suka yi toka-toka sun gaji, duk karcen da yatsa ya ji kuwa kunne ma zai ji shi. Harufan NM ko VG+ da 'yan kasuwar intanet suke rubutawa don nuna lafiyar faifai ra'ayin mai kaya ne kawai.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kowane tsohon kwali a matsayin bugun farko. Faifan Blue Train na mai busa saksofon John Coltrane, faifan da aka naɗa a 1957, an sha sake buga shi. Bugun farko yana ɗauke da adireshin 47 West 63rd a takardar tsakiya, da harufan RVG na injiniya Rudy Van Gelder a santsin da ke gefenta. Idan aka ga sunan Liberty, kamfanin da ya sayi Blue Note mai bugun farkon, to daga 1966 ne zuwa sama. A ganina sake-bugu mai lafiya ya fi bugun farko da ya ƙare, sai dai ga wanda kwali yake tarawa.

Ajiya ma tana kashe faifai a nan. Zafin Afrilu kan haura maki 40, kuma faifan da ya wuni a cikin mota ko aka jibge shi a kwance ƙarƙashin rufin kwano zai kantare. A jera su a tsaye, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a kuma rufe su da hunturu. Kada a goge ƙura da gefen riga ko a kai wa faifai kananzir. Burushi mai laushi da tataccen ruwa sun isa. Faifan garmaho mai gudun zagaye 78 a minti kuwa, irin wanda mai busa saksofon Charlie Parker ya fara fitowa a kai, sifirit yana narkar da fuskarsa.

Wasu kan ɗora kwabo a kan hannun allura don ta daina tsalle, alhali yawancin alluran zamani nauyin giram 2 ko kusa da haka suke buƙata. Haka nan tsohuwar na'urar Amurka da injinta yake bin bugun lantarki an ƙera ta ne don lantarki mai bugu 60 a daƙiƙa, namu kuwa 50 ne, saboda haka ko an sa mata taransifoma gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, saksofon ya yi kauri, a ɗora wa faifai laifin da ba nasa ba.